Daminar da Na Kasa Kwance Majanyi

Ƙafata ta dama tana cikin ruwa, ta hagu tana kan gaɓa, a nan na ƙame. Rafin bayan garinmu ne, wanda nake tsallakewa kullum in zan tafi asibiti, ruwansa ko gwiwa bai kai ba. Hafsatu na goye a bayana tana barci, watanta bakwai a lokacin. Sai kawai na gani, da rana tsaka, idona biyu, kamar hannuna ya kai kan ƙullin majanyi ya kwance, ta sulale, ruwa ya rufe ta. Ban taɓa majanyin ba, wallahi ban taɓa ba. Amma na ga abin sarai, har da 'yar hularta ja tana yawo a saman ruwa.

Na ja da baya na zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Na kama bakin majanyin na ƙara tamkewa har yarinyar ta farka da kuka. Wata mai tallan nono ta tsaya a kaina ta ce, “Malama, lafiya?” Na ce ƙaya na taka. Ta duba ƙafata, ta ga takalmin roba, ta wuce abinta.

Daminar bara waccan ke nan. Abin da ya sa na ɗauko biro yau shi ne marka ta sake kamawa, kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo ba, ɗaki ya cika da warin tufafin da suka ƙi bushewa. Bana muna da sauran dawa a rumbu, Hafsatu kuma ga ta can da ƙafarta tana tara ruwan indararo a murfin kwano. Duk da haka, da na ji wannan warin da safe sai da bakin rafin nan ya dawo mini.

Bari in faɗi aikina tukuna. Bayan na gama sakandare na yi aure a wani ƙauye tsakanin Bebeji da Tiga, aka zo neman matan da suka iya karatu da rubutu, aka koya mana yadda ake zama da masu damuwa a saurare su. Mu ba likitoci ba ne, ba ma ba da ko ƙwaya ɗaya. Ɗaki aka ba ni a ƙaramin asibitin da ke tsallaken rafi, da benci da tabarma. Mu biyar ne a yankin, kuma duk bayan mako biyu, ranar Alhamis, mukan haɗu a Bebeji wurin wadda ke duba aikinmu, Sista Talatu. Ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe tana aiki da masu taɓin hankali a Kano. Zaman baje kaya take kiran haɗuwar. Kowa ta kawo wadda ta fi ba ta wuya, ba suna, ba unguwa, sai dai a ce “wata uwa” ko “wata tsohuwa”, a duba tare a ga inda aka tsaya da inda aka kuskure.

Daminar ta zo a karkace. Ruwa ya yi mana alkawari da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke, shukar ta ƙone a rami. Aka sake, da irin da ya kamata a ci. Da ya tashi dawowa kuma sai ya dawo da na baya duka. Kafin tsakiyar Agusta rumbunmu sai ƙura da kashin ɓera. Inna, uwar maigidana, ita ke riƙe da mudu, kuma ta mai da girki sau ɗaya. Da asuba in zubar da ruwan kwanonin da muka tara a ƙarƙashin yoyo, in durƙusa ina hura jiƙaƙƙen kara har idona ya yi ja, a dama kunu tsararo wanda kana iya ganin gindin kofi. Maza su saɓa garma da fartanya su tafi gayyar maimai, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Matan gidaje su haɗa ɗan abin da ke akwai, wannan tafin gari, waccan ƙuli, a yi musu kwaɗon rama da tafasa a kai gona. Tafasa kam mun ci ta har yara suka daina tambayar me aka dafa. Katangar maƙwabtanmu ta zube da hantsi, muka fita muna kwashe laka da kwarya, ana dariya ana salati.

A cikin wannan ne aka kawo mini Iya Hanne. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, daga cikin mutanen da aka tasa lokacin da dam ɗin Tiga ya cinye garuruwansu, tana yarinya. 'Yarta ce ta kawo ta, ta ce duk shekara in marka ta kama sai Iya ta daina cin abinci, ta daina fira, ta zauna tana fuskantar dam. Bana abin ya fi na kullum.

Ranar farko ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa ta ce, “Ke 'yar nan, ko silin furfura ba ki da shi, me za ki gaya mini?”

Na ce, “Ba gaya miki zan yi ba, Iya. Ji zan yi.”

“To ji ciwon gwiwa.”

Zama uku muna kan ciwon gwiwa da tsadar kalwa. A nan na yi kuskuren farko. An koya mana cewa tun zaman farko mu shaida wa mutum muna da babba a samanmu wadda muke shawara da ita, ba tare da ambaton suna ba, kuma in rai na cikin haɗari ba ma yin shiru. Na san wannan kamar Fatiha. Amma da na dubi matar da ta yi jika da ni, sai kunya ta rufe mini baki. Ta yaya zan ce wa tsohuwa maganarta za ta wuce ni? Na ce a raina sai mun saba.

A zama na huɗu ruwa ya tsare mu. Yana dukan kwano har sai mun matso kusa muke jin juna. Na kwance Hafsatu na ba ta nono, Iya ta zuba wa majanyin ido ta daɗe. Can ta ce, “Ba ni hannunki.” Na ba ta. Ta ce, “Amana ce, daga ni sai ke sai Allah. In kika faɗa wa wani ban yafe ba.” Na ce na ɗauka.

Ta ce shekarar yunwa ce, tana da kamar shekara tara, an goya mata ƙaninta Ɗanlami. Kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Ta hango ɗinya ta nuna a bakin rafin tsohon garinsu, ba ta iya hawa da goyo, sai ta kwance shi ta zaunar a kan wani faffaɗan dutse a tsakiyar rafin, inda ruwa bai kai idon sawu ba. Ashe an yi ruwa a can sama. Tana bisa bakinta cike ta ji ƙugi. Kafin ta sauko babu dutse, babu yaro.

“Kin san abin da na fara yi, 'yar nan? Bakina na wanke. Ɗinya ta yi mini baƙi a haƙora, na sa yashi na goge, sannan na tafi gida na ce ruwa ne ya fizge shi daga bayana. Uwarmu ta rungume ni tana ba ni haƙuri. Ni take ba haƙuri. Har ta koma ga Allah ba ta sani ba.”

Ta ce yanzu rafin da ɗinyar da kabarin uwarta duk suna ƙarƙashin dam. In marka ta kama takan je bakin ruwa ta tsaya, kuma bana sau biyu tana shiga har ƙugu kafin ta juyo.

Wannan maganar ta ƙarshe, a ranar ya kamata Sista Talatu ta ji ta. Amma na riga na ba da hannu.

Da Alhamis ta zo, aka zagayo kaina, na ce tsohuwata tana samun sauƙi. Sista ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Sauƙi irin wanne, Rukayya?” Na ce ta fara cin abinci. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Abin da ban faɗa ba shi ne ni ce nake ƙulla rabin tuwona a leda in kai mata gida kullum, domin ta ce ba ta ci sai in na sa hannu. Na mai da kaina mai gadinta. In hadari ya haɗo sai in ce yanzu tana bakin dam. Na rame, nonona ya ja baya, in na rufe ido sai in ga dutsen nan da ban taɓa gani ba.

Kwana tara bayan wannan Alhamis ɗin na ƙame a bakin rafi.

Daga ranar ban sake tsallakawa ba. Na aika asibiti cewa ba ni da lafiya. Abin kuma bai tsaya a rafi ba. In na wuce randa sai in ga Hafsatu a ciki. In na hango rijiya sai in bi ta bayan turken awaki. Na daina yi mata wanka, na ce wa Inna bayana ke ciwo, ita take yi, ni kuma in shige ɗaki in toshe kunne kada in ji ƙarar ruwan baho. Da an gama in karɓe ta in goya, in ɗaure da majanyi biyu. Yini take a bayana, cikin wannan danshi, har ƙuraje suka feso mata a wuya, majanyi ya yi mata shaida a ƙarƙashin hammata.

Inna ba ta da wauta. Rannan tana tankaɗe ta ce, “Tun farko sai da na faɗa. Mai zama da masu iska, wata rana da guzuri zai dawo. Kin kwaso mana, 'yar boko.” Tana faɗa tana tura mini nata tuwon. Ta karɓo rubutu, ta yi mini hayaƙi, na sha na shaƙa da zuciya ɗaya, domin ni ma na fara yarda cewa wani abu ya bar jikin Iya Hanne ya shiga nawa. Abin da ban iya gaya wa kowa ba, ko maigidana, shi ne hannuna nake gani yana kwance ƙullin. Wace uwa ce ke ganin haka? Na tabbata in na faɗa za a raba ni da yarinyar, kuma na tabbata in ban faɗa ba wata rana hannun zai yi da gaske. Tsakanin waɗannan biyun na yi mako uku. Alhamis biyu suka wuce ban je Bebeji ba. Sista ta kira, na ga sunanta na kife wayar.

Ranar wata Asabar bayan azahar, ana yayyafi, muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da muryar mace. Sista Talatu ce, laka har gwiwa, takalmanta a hannu, mayafinta ya manne mata a kafaɗa. Ta durƙusa ta gai da Inna da kyau, ta tambayi gona, ta tambayi ruwa, ta ce, “Inna, ɗan acaɓan nan naku sau biyu yana shuka ni a hanya. In na tsiro ku zo ku yi mini noma.” Inna ta yi dariya har da tari, ta kawo mata ruwa da ɗan kwaɗo, tana ba da haƙurin babu. Sista ta cinye tas ta ce rabonta da tafasa tun kakarta na da rai. Sannan ta nemi izini mu shiga ɗakina.

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta zauna a bakin gado ta ce, “Me kika ci yau?”

Na ce kunu.

“Jiya fa?”

Na shiga gyara bakin majanyi.

“Rukayya, ku biyar nake dubawa. Huɗu suna zuwa mini da kuka da ƙorafi, ke kaɗai ce tsohuwarki ta warke a mako biyu, sannan kika ɓace. Me ta ɗora miki?”

Na ce, “Sista, amana ce. Ta ce ba ta yafe ba.”

Ta gyaɗa kai, ba ta yi mamaki ba. Ta ce, “Kin taɓa ganin wankan gawa?”

Na ce na ga na kakata.

“Mutum nawa suka shiga?”

“Biyu. Ɗaya na zuba ruwa, ɗaya na cuɗawa.”

“Da suka fito, sun faɗa wa gari abin da suka gani?”

“A'a.”

“To amanar ta karye don su biyu ne? Babu amanar da ta kai ta gawa nauyi, amma ba a barin mutum ɗaya da ita, domin ba ya iya juya ta shi kaɗai. Ni mai zuba ruwa ce. Amma bar wannan tukuna. Labarin tsohuwa ki riƙe abinki. Naki nake so. Ko shi ma wani ya ba ki amanarsa?”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gaya mata rafi, randa, rijiya, hular nan ja. Na gaya mata hannuna. Ina faɗa ina jiran ta miƙe ta kwance yarinyar daga bayana. Ba ta motsa ba. Tambayoyi ta shiga yi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ina jin wata murya tana ba ni umarni? A'a. Ina ganin wani yana bina ko yana nufina da sharri? A'a. Na taɓa jin ina son abin ya faru, ko da ƙiftawar ido? Na ce, “Sista, gara ni in mutu.” Ta ce to wannan ma sai ta tambaya, na taɓa tunanin kashe kaina? Na ce a'a, wa zai riƙe Hafsatu? Ta tambayi barcina, ta tambayi yaushe abin ya fara, kafin labarin tsohuwa ko bayansa.

Sannan ta ce, “In hoton ya zo miki, me kike yi?”

“Ƙara ɗaure ta nake.”

“Sake faɗa, ki ji da kunnenki.”

Na sake faɗa. Sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun farkon abin.

Ta bar ni na yi mai isata. Da na lafa ta ce tambaya ɗaya ta rage, kuma da kai kawai zan amsa: ran tsohuwar nan yana cikin haɗari? Na gyaɗa. Ta ce wannan ba ya cikin abin da ake rufewa, ko wa ya karɓi hannunka. Gobe da safe ni da ita za mu je, ni zan buɗe baki in nemi gafarar Iya a kan abin da ban gaya mata ba tun farko, a sa 'yarta ta riƙa lura da ita, a kai ta ga likita. Abin da ya faru a yarintarta kuwa nata ne, sai in ita ta ga dama. Ta hana ni kai tuwo, ta ce zama da Iya a asibiti kawai, kuma duk mako za ta kira ni, in na kife waya za ta sake zuwa ɗan acaɓa ya shuka ta. Ta ce, “Ni ma da nawa laifin. Na ga idonki ranar Alhamis ɗin nan, na bar ki kika tafi.”

Mun je kuwa. Iya Hanne ta yi kwana goma ba ta amsa gaisuwata, daga baya da bakinta ta ba Sista labarin ɗinya. Tana nan da ranta. Makon jiya ma ta aiko mini da daddawa, da saƙon wai har yanzu ban yi furfura ba. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar Asabar ɗin, Sista leƙawa ta yi tsakar gida ta ce, “Inna, a taimaka mana da ruwan ɗumi a baho.” Inna ta kawo har ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu. Sista ta naɗe hannun rigarta, ta ɗauki moɗa ta ce, “Kwance ta.”

Yatsuna suka ƙi. Ƙullin ya jiƙe ya ƙanƙame. Ba ta taya ni ba. Na kwance na farko, na kwance na biyu, na juyo da Hafsatu gabana. Da Sista ta ga shaidar majanyi a hammatarta sai ta shafa wurin da yatsa.

“Ni zan zuba, ke ki cuɗa.”

Na ɗago na dube ta a firgice, na tuna misalin da ta ba ni ɗazu. Ta gane, ta yi murmushi ta ce, “Ke dai da tsoro. Wankan masu rai ma ya fi daɗi da mutum biyu.”

Na sa yarinyar a ruwa. Hoton ya zo, kamar yadda ya saba. Na ce, “Sista, ga shi nan.” Ta ce, “Bar shi ya tsaya ya yi kallo. Wanke mata bayan kunne.” Na wanke. Hafsatu ta daki ruwan da tafi biyu ta fantsama wa Sista a tabarau, ta ƙyalƙyale da dariya, haƙoranta biyu a waje. Daga bakin ƙofa na ji Inna ta ce, “Alhamdu lillahi,” can ƙasa-ƙasa.

Ana kiran la'asar na ciro ta na naɗe a zani. Yayyafin bai tsaya ba, kwanon yoyo na kusurwa ya kusa cika. Sista ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi, ta dube ni da idonta tsirara ta ce, “Rukayya, saurare ni da kyau. Ba hauka kike yi ba, kuma ba iska kika kwaso ba. Kayan mutum biyu kika ɗauka ke kaɗai, da yunwa, da goyo. Hoton nan zai riƙa zuwa yana raguwa, in ya ƙi kuma muna da abin yi. Amma yarinyar nan, duk faɗin garin nan babu inda ta fi tsira kamar hannunki.”

Na ce, “Ba za a karɓe ta ba?”

“Wa zai karɓe ta? Sa mata riga kada sanyi ya kama ta.”

Inna ta shigo ta tsince majanyun biyu daga ƙasa. Ta miƙo mini ɗaya, ta fita da ɗayan ta shanya a igiya.